Ba na shan alewa, me ya kawo min kogon haƙori?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni tela ne a Kasuwar Barci da ke Tudun Wada, Kaduna. Ba na shan alewa, kuma ina yin aswaki kusan kowace salla, amma turamena biyu sun yi kogo, ruwan sanyi ma ba ya shiga. Abin da na sani kawai, filas ɗin shayi ba ya barin gefen kekena, ina ɗan kurɓa har la'asar. Tsutsa ce, ko gado ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba da lafiya. Babu wata tsutsa a haƙori. Mai laifin yana nan gefen kekenka.

A bakin kowa akwai ƙwayoyin cuta da ke manne a jikin haƙora, su ne wannan farin dattin da farce ke kankarowa da safe. Abincinsu sukari. Da sun samu sai su fitar da wani ruwa mai tsami, wanda ke narkar da ɓawon haƙori a hankali, duk da cewa babu abin da ya kai ɓawon nan tauri a jikin mutum. Allah ya yi mana magani a cikin bakin: yawu. Shi ke wanke tsamin, ya mayar wa haƙori sinadaran da ya rasa. Sai dai yana buƙatar lokaci, wajen minti 30 zuwa awa guda bayan kowace kurɓa.

To lissafa da kanka. Ka kurɓa ƙarfe tara, ka ɗinka hannun riga, ka sake kurɓa tara da kwata. Yawun bai gama gyara ɓarnar farko ba ka ƙaro wata. Haka har la'asar. Wanda ya shanye kofi biyu wajen mai shayi a zama ɗaya ya tashi ya fi ka tsira, ko da sukarinsa ya fi naka yawa. Shi ya sa idan mutum ya zauna a kujerata ba na fara tambayarsa cokali nawa yake zubawa, sau nawa a wuni nake tambaya.

Yawan ma ba a raina shi. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da ya fi shi ne kada babba ya wuce kimanin giram 25 na sukari a wuni, wato ƙaramin cokali shida. Shayi mai madarar gwangwani kofi biyu kan iya cinye wannan kason. Ga zoɓo da lemon kwalba, waɗanda suka haɗa zaƙi da tsami, ga mintin da ake ajiyewa a kunci lokacin hunturu, baki a bushe. Irin su tuwon madara da iloka kuwa liƙewa suke a ramukan turmi.

Ban ce ka bar shayi ba, na san ba za ka ji ba. Ka sha shi tare da karin kumallo, ka shanye, ka kurkure baki da ruwa. Gefen keke a ajiye gorar ruwa. In bakin ya nemi abin motsawa, gyaɗa ko aya sun fi.

Aswaki abu ne mai kyau, ka riƙe shi, amma yawanci haƙoran gaba ake gogewa a bar na ciki. Ka haɗa da buroshi da man goge baki mai sinadarin fulorayid (wanda ke ƙarfafa ɓawon haƙori), safe da dare. Na daren ya fi muhimmanci, domin yawu na raguwa in ana barci. In ka goge ka tofar kawai, kada ka bi da ruwa.

Kogon da ya riga ya buɗe kuwa ba ya rufewa da kansa. Kanumfari zai kwantar da zogin na ɗan lokaci, ramin na ci gaba da zurfi. Ka je sashen haƙori na asibiti, kamar na Barau Dikko, a duba. In bai kai jijiya ba, ciko za a yi maka ka koma shago a ranar.