Kafin ka tura facin nan, faɗa mini wa ke da hakkin saki

Ɗana, na karanta saƙonka sau biyu. Ka ce KASAN, kayan aikin da ke gano kurakuran memori a kanel (zuciyar tsarin Linux), ya kama ksmbd, sabar raba fayil ta cikin kanel mai amfani da ƙa'idar SMB, yana taɓa wani wuri a memori bayan an riga an sake shi, a daidai lokacin da baƙo, wato na'urar da ta haɗu da sabar, ke rufe zamansa. Ka sa layi ɗaya da ke mayar da manunin, wato mai riƙe da adireshin wurin, ya koma NULL (babu komai) bayan saki, ka ƙara wani da ke dubawa kafin a taɓa, ka maimaita gwaji sau 500 bai sake faɗuwa ba. Sai ka tambaye ni: "Maigida, in tura facin?"

Kada ka tura tukuna. Ka yi ƙoƙari, don ba kowane mai koyo ne ke iya bin rahoton KASAN har ya kai ga layin da ya dace ba. Amma abin da ka yi shi ne ka rage faɗin kafar. Tana nan a buɗe, ta dai yi ƙanƙanta har gwajinka ya kasa zura ƙafa a ciki. Wanda ke neman kutsawa ba sau 500 zai gwada ba, zai bar na'urarsa ta yi ta bugawa dare da rana har ta dace.

Bari mu bi abin a hankali. Ɗauka zare biyu, wato ayyuka biyu da ke gudu lokaci guda. Zare na farko ya zo kan layin da ka ƙara, ya duba manunin, ya ga akwai abu, ya ɗauke adireshin ya riƙe a hannunsa. Kafin ya kai ga layi na gaba, zare na biyu da ke gudu a kan wani ƙwayan sarrafawar ya saki abin, ya rubuta NULL ɗinka. To me NULL ɗin ya tsinana wa zare na farko? Ya riga ya kwafe adireshin, ba zai koma ya sake dubawa ba. Zai ci gaba ya karanta suna da lambar mai amfani daga wurin da ba nasa ba. Idan an yi sa'a, wurin na nan wayam, ka ga bayit ɗin 0x6b jere da juna in ka kunna gubar da kanel ke zubawa a wurin da aka saki. Idan ba a yi sa'a ba, kanel ya riga ya ba wata buƙatar wannan gurbin, kuma mai kutse ne ya cika shi da bayanan da ya tsara. Tsakanin dubawa da taɓawa akwai rata, ko da umarni biyu ne kawai na na'ura, kuma duk matsalar rige-rige a cikin wannan ratar take zaune.

Na san abin da ya ruɗe ka, domin ya ruɗi waɗanda suka fi mu. Ka karanta aikin rufe zama ka ga yana jiran duk buƙatun da ke gudana su kammala kafin ya ci gaba, sai ka ɗauka babu kowa a cikin ɗakin. Sake dubawa: buƙatun wane layin sadarwa yake jira? Na layin da saƙon rufewar ya shigo ta kansa. A ksmbd kowane layin TCP da ya shigo ta ƙofa ta 445 yana samun zarensa na karɓa, sannan kowace buƙata ana miƙa ta ga ma'aikatan kanel su yi ta a lokaci guda da 'yan uwanta. Tun daga SMB 3.0, wanda Microsoft ta fitar a 2012, baƙo ɗaya na iya ɗaura zama ɗaya a kan layuka da dama don ya sami gudu. Wato zaman ba mallakar layi ɗaya ba ne. Ka jira mutanen ƙofar gaba sun fita, alhali akwai wani da ya shigo ta ƙofar baya yana zaune.

Wannan ba ƙirƙira nake yi ba. A watan Mayun 2025 wani mai binciken tsaro, Sean Heelan, ya bayyana ɓaraka a wannan wurin, wadda aka ba lamba CVE-2025-37899: aikin rufe zama yana sakin bayanan mai amfani yayin da wani layin, wanda ke ƙoƙarin ɗaura kansa a zaman, yake amfani da su. Ya gano ta ne da taimakon o3, samfurin AI na kamfanin OpenAI. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin shi ne, kafin nan ya gano makamanciyarta a hanyar tantancewa ta Kerberos, kuma gyaran da ya fara ba da shawara shi ne irin naka sak, a mayar da manunin NULL. Daga baya ya faɗa da bakinsa cewa hakan bai wadatar ba, saboda wannan ɗaurin zama a layi biyu. Gyaran da ya shiga kanel na rufe zaman kuwa bai ƙara wani dubawa ba. Cire sakin aka yi daga wurin gaba ɗaya, aka bar bayanan su rayu har ranar da zaman kansa zai mutu.

Ka lura da wannan da kyau, don shi ne abin da nake so ka ɗauka. Duk lokacin da ka ga an taɓa abu bayan saki, tambayar farko ba "a ina zan sa makulli" ba ce. Tambayar ita ce: wa ke da abin nan, su wa ke iya riƙe da shi a wannan daƙiƙar, kuma wa ya isa ya ce ya mutu? In ka amsa wannan a takarda, facin zai rubuta kansa. In ba ka amsa ba, za ka yi ta dinke riga tana yagewa a wani gefen.

Ga abin da aka saba yi wa abu mai masu riƙo da yawa, kamar zama, ko haɗin rumbun da aka raba, ko buɗaɗɗen fayil. Ana ba shi ƙidayar masu riƙe. Duk wanda ya nemo shi daga teburi ya ƙara ɗaya, in ya gama ya rage ɗaya, wanda ya rage ta kai sifili shi ne mai saki. Mai rufe zama aikinsa uku ne kawai: ya sa wa zaman alamar ya ƙare don kada sabuwar buƙata ta shiga, ya cire shi daga teburi, sannan ya ajiye nasa riƙon ya tafi. Amma ga inda mutane ke zamewa. Nemowa da ƙara ƙidaya dole su faru ƙarƙashin makulli ɗaya. In ka nemo, ka saki makullin, sannan ka ƙara, ka sake buɗe ratar nan da muka yi magana. In kuma ta hanyar RCU kake nemowa, wato dabarar karantawa ba tare da makulli ba, to ka yi amfani da refcount_inc_not_zero, domin kana iya cin karo da abin da ƙidayarsa ta riga ta kai sifili yana kan hanyar kabari, kuma ba a ta da matacce. Ka fi son refcount_t a kan atomic_t tsirara. Tun 2017 aka shigo da shi kanel don ya yi kuka in ƙidaya ta zarce iyaka ko ta faɗi ƙasa da sifili.

Bayan haka sai ka bi hanyoyin kuskure ɗaya bayan ɗaya. A nan aikin yake da gajiyarwa, kuma a nan nake gane mai koyon da zai yi nisa. Kowane goto da ke fita daga aiki da wuri, ka tsaya ka tambaya: mun ajiye riƙon? Sau ɗaya ko sau biyu? Wanda ya manta ya ajiye ya jawo yoyon memori, wanda baƙo zai iya maimaitawa har sabar ta shaƙe. Wanda ya ajiye sau biyu ya dawo da mu gidan jiya.

Za ka ce me zai hana a sa babban makulli ɗaya a huta. Na taɓa yin haka, shekarun baya, a wata sabar fayil da nake kula da ita. Na sa makulli kan jerin buɗaɗɗun fayil, faɗuwar ta tsaya, muka tura. Bayan 'yan kwanaki sabar ta sandare. Babu faɗuwa, babu rahoto, fanka na juyawa, fitilu na ci, amma babu wanda ke iya buɗe komai. Da na duba zarurrukan sai na ga ɗaya ya riƙe makullina yana jiran wani baƙo ya amsa saƙon karɓe izinin riƙe fayil, shi kuma ma'aikacin da zai karɓi amsar baƙon yana tsaye a bakin makullina. Sun yi cirko-cirko, kowa na jiran kowa. Mutane sun rasa aikin yini guda, kuma har yau abin yana damuna. Daga ranar ban sake riƙe makulli ina jiran amsar baƙo ta layin sadarwa ba. Baƙo na iya yin jinkiri, yana iya mutuwa, yana iya ƙin amsawa da gangan. Sannan ka tsara makullanka: in akwai na layi da na zama, ka yanke wanne ake fara ɗauka, ka rubuta a saman fayil ɗin, kowa ya bi. Ka kunna lockdep, wanda Ingo Molnar ya kawo tun 2006. Zai gaya maka an saɓa tsarin tun kafin sandarewar ta auku. Shi ma barci ƙarƙashin spinlock, makullin da ake jira ana ta juyi, haramun ne, wannan ka sani.

Yanzu gwajinka na sau 500. Gwajin da bai faɗi ba kafin faci, ba shi da bakin magana bayan faci. Don haka ka fara tilasta wa matsalar ta fito fili. Cire gyaranka, ka sa ɗan jinkiri na wucin gadi, ko da daƙiƙa ɗaya, tsakanin inda ake ɗauko manunin da inda ake amfani da shi. Rubuta ƙaramin baƙo mai buɗe layi biyu: na farko ya kafa zama, na biyu ya nemi ɗaura kansa a kai, na farko ya aika rufewa a cikin wannan daƙiƙar. Ya kamata KASAN ya yi ihu kowane karo. Sai ka mayar da facinka na NULL, jinkirin na nan, ka gani da idonka. Ina da yaƙinin zai sake ihu. Rahoton zai ba ka sawu uku: wanda ya taɓa, wanda ya fara karɓar gurbin, da wanda ya saki. Ka duba lambobin zarurrukan, za ka ga na taɓawa daban, na saki daban. KCSAN, wanda ya shigo a Linux 5.8, zai taimaka wajen ganin inda zare biyu ke taɓa wuri ɗaya ba kariya. Daga ƙarshe ka bi da smbtorture na mutanen Samba, don ka tabbata ba ka karya wani abu mai aiki ba.

Tun da kana cikin wannan fayil ɗin, ka buɗe ido kan ɗaya dangin ɓarakar, wato lambobin da baƙo ke aikowa. Kan fakitin SMB2 bayit 64 ne, bayansa kuma buƙatu cike suke da "bayanin yana farawa a nan, tsawonsa kaza". Baƙo ne ya rubuta duka biyun. Ka tabbata mafarin da tsawon, in an haɗa su, ba su wuce abin da ya iso ta waya a zahiri ba, kuma haɗawar kanta ba ta zarce iyakar lamba ta zagayo ta zama ƙarama ba. Check_add_overflow don haka aka yi shi. A buƙatun da ake jerawa cikin fakiti ɗaya, kowace sai an auna ta da kanta, kada ta biyu ta ci albarkacin ta farko. Ka fi tsananta wa duk abin da ake karantawa kafin a tantance mutum, kamar tattaunawar farko da kafa zama, domin can ko kalmar sirri ba a buƙata.

Ina matsa maka haka ne saboda inda muke aiki. Samba, ɗaya sabar SMB ɗin, wanda Andrew Tridgell ya fara a 1992, a wajen kanel yake gudu, kowane baƙo da nasa smbd. In ɗaya ya faɗi, sauran na nan. ksmbd, aikin Namjae Jeon da abokansa, ya shiga Linux 5.15 a 2021 don neman gudu, aka bar lissafin masu amfani da wasu ayyuka ga ksmbd.mountd a waje. Kuɗin wannan gudun shi ne babu bango tsakanin kuskurenka da na'urar gaba ɗaya. A Disambar 2022 ZDI, ƙungiyar masu binciken tsaro ta Zero Day Initiative, ta bayyana wata taɓawa bayan saki a ksmbd wajen cire haɗin rumbu, ta ba ta maki 10 cikin 10. Kuma duniya ta ga abin da ɓaraka a sabar SMB ta cikin kanel ke iya yi a Mayun 2017, lokacin da muguwar manhajar WannaCry ta bi ta SMB1 na Windows ta tsayar da asibitoci a Ingila. ksmbd bai ɗauki SMB1 ba, amma a irin wannan kujerar yake zaune.

In ka tabbatar baƙo daga nesa zai iya ta da matsalar, ka fara kai ta ga masu kula da ksmbd da ƙungiyar tsaron kanel a asirce, kada ka baza ta tare da baƙon gwajinka kafin gyara ya fita. Faci ɗaya, matsala ɗaya. A bayanin facin ka zana zarurrukan biyu gefe da gefe, wannan ya yi kaza, wancan ya yi kaza, ga inda suka yi karo. Ka sa alamar Fixes mai nuna facin da ya haifar da matsalar, don masu kula da tsofaffin kanel su san har ina za su mayar da gyaran.

Gobe da safe ka zo mini da takarda ɗaya. Ka jera duk wurin da ake karanta sess->user, manunin bayanan mai amfani na zaman, da duk wurin da ake sauya shi ko sakinsa, a gefen kowanne ka rubuta wane makulli ko wane riƙo ne ke kare shi. Inda ka rasa abin rubutawa ka bar gurbin fari, kada ka cike da zato. Ka taho da baƙon layi biyun ma, mu kunna shi tare.