Likita, in ba su maganin barci kafin mu kama hanya?

Tambaya:

Salam likita, dan Allah ina neman shawara kafin ƙarshen satin nan. Yarana biyu ne, babbar shekararta 4, ƙaramin watansa 16. Tunda aka yi hutu gidan ya hargitse, basa barci sai sha ɗaya ko sha biyun dare, da rana kuma rigima da kuka kan abinda bai kai ya kawo ba. Yanzu zamu je gidan surukaina hutun, tafiyar awa bakwai ce a mota, can kuma gida cike yake da baƙi da yaran dangi kuma ɗaki ɗaya zamu kwana dukkanmu. Yayar mijina tace in sayi Phenergan ko Piriton na ruwa in basu cokali ɗaya kafin mu tashi, sannan kowane dare in mun isa, tace duk 'ya'yanta haka tayi musu ba abinda ya same su. Na riga na sayo Phenergan ɗin amma hankalina bai kwanta ba. Nawa zan ba kowannensu? Wallahi na gaji.

Amsa:

Wa alaikis salam 'yar'uwa. Sannu da ɗawainiya, gajiyarki na ji ta tun daga layin farko, kuma ba laifi bane uwa tace ta gaji. Amma tambayar da kika rufe da ita, wato nawa zaki ba kowannensu, amsarta ko ɗigo. Kwalbar nan kada ki buɗe ta, kada ma ki saka ta a jakar tafiya, don in tana kusa ranar da kuka ya ishe ki ƙarfe biyun dare hannunki zai kai kanta.

Zan daɗe akan wannan maganar, kiyi haƙuri, saboda duk lokacin hutu sai ta dawo mana asibiti, kuma kusan kullum da wannan jumlar ake kawo ta, "ai wance ta ba nata ba abinda ya same su".

Phenergan sunan da kamfani ya sa wa maganin ne, sinadarin dake ciki promethazine ne. An yi shi don ƙaiƙayi da atishawa da tashin zuciya, barcin da yake sawa illa ce ta gefe, yana ratsawa ƙwaƙwalwa ya danne ta. Matsalar ita ce a ƙwaƙwalwar nan dai cibiyar dake tafiyar da numfashi take, kuma a ƙaramin yaro bata gama ƙwari ba. Tun 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sa aka buga gargaɗi mafi tsanani da take dashi a jikin wannan magani, cewa kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, saboda an samu yaran da numfashinsu ya dinga raguwa cikin barci har ya tsaya. Abinda ya fi tayar da hankali a rahotannin shine ba sai an zabga da yawa ba, ba a samu wani ƙaramin awo da za a ce wannan kam lafiya lau bane a wannan shekarun. Ɗanki watansa 16. Kinga shi maganarsa ta ƙare anan. Ita babbar ma ban baki izini ba, a 2024 hukumar magunguna ta Ostireliya ta ɗaga iyakar zuwa shekara 6 bayan an ga yadda yake jawo wa ƙananan yara gane-gane da fusata da rashin natsuwa.

Wannan na ƙarshen mutane basu san shi ba. Ba duk yaro ne maganin ke kwantarwa ba, wani birkita shi yake. Ki kwatanta a ranki, kun yi awa ɗaya a hanya, ba asibiti kusa, yarinya ta fara fizge-fizge tana ihu tana ture ki, fuskarta tayi ja, jikinta zafi amma ba gumi, bakinta a bushe, zuciya na bugawa da sauri, sai wani a motar yace ai bai kama ta bane a ƙara mata rabin cokali. Haka ake kaiwa ga jijjiga. Wani yaron kuma wuyansa ne zai murɗe gefe ɗaya, ido ya kafe sama, harshe ya fito, shi kuma yana jin duk abinda ake faɗa amma ya kasa gyara kansa. In aka kawo mana irinsu sau da yawa an riga an yanke hukunci a gida cewa iska ce ta taɓa shi, an ɓata awanni, sai mun yi ta tambaya kafin wata ta tuna cewa an ɗan bashi maganin mura da safe.

Ga kuma zama a mota. Yaron da magani ya kwantar ba kamar mai barcin Allah da Annabi bane, wanda in wuyansa ya lanƙwashe zai motsa ya gyara ko ya farka yayi kuka. Shi wannan kansa zai faɗo gaba, haɓa ta manne da ƙirji, hanyar iska ta matse, kuma ba zai farka ya gaya miki ba. Ke kuma kina gaba ko kina gefe kina hamdala yau an samu lafiya yaro yayi shiru. In yayi amai a wannan halin yana iya shaƙar sa zuwa huhu. Sannan irin waɗannan magungunan suna rage gumi, mota kuma in rana ta buɗe kin san yadda take.

Piriton fa? Shi chlorphenamine ne, dangin juna ne, kuma yana da aikinsa, yaron da ya wuce shekara ɗaya in jikinsa ya feso da ƙuraje masu ƙaiƙayi muna rubuta shi da awon da ya dace dashi. Amma a ɗauko shi don kawai yaro mai lafiya yayi shiru, wannan ba magani ake yi ba. Kuma abin haushin ma ba ya aikin da ake zato. A 2006 an buga wani gwaji da aka yi a Amurka kan jarirai 'yan wata 6 zuwa 15 masu yawan farkawa da dare, aka ba wasu diphenhydramine, wanda shima ɗan gidan ne, wasu kuma ruwan da ba magani a ciki, iyayen basu san wanne ɗansu ya samu ba. Maganin bai fi ruwan amfani ba, har aka dakatar da gwajin tun kafin lokacinsa. To an ɗauki haɗari a banza kenan. Ko a manya ma in aka jera kwana uku huɗu ana sha jiki na sabawa barcin ya daina zuwa, daga nan sai a fara ƙara awo, kuma shawarar da aka baki ta kowane dare ce.

Shi kansa "cokali ɗaya" ɗin, wane cokali? Na gida wani yana ɗaukar ninkin wani. Maganin yara da nauyin jiki ake auna shi, da sirinji ko ɗan kofin da yazo a kwalin.

Wanda ya fi ɓata min rai ba yayar mijinki bace, ita abinda ta gani ta faɗa kuma da kyakkyawar niyya. Masu sayar da magani ne da za a je a ce musu "a bani wanda zai sa yaro barci" su miƙo ba tare da sun tambayi ko watansa nawa ba, wani ma har ya haɗa da maganin tari yace wannan ya fi kamawa. In maganin tarin nan akwai kodin a ciki an shiga wani babin, domin hanta ce ke mayar da kodin ya koma mofin, magani mai ƙarfi da ke iya danne numfashi, kuma akwai mutanen da halittarsu ke yin wannan juyin da sauri fiye da kima, ba kuma a gane su a fuska. Shi yasa a 2017 FDA ta haramta shi gaba ɗaya ga yaran da basu kai 12 ba. Su kansu magungunan mura da tari na haɗe-haɗe Ingila ta hana ba yaran da basu kai shekara 6 ba tun 2009. Da yawansu akwai farasitamol a ciki, uwa bata sani ba ta ƙara da wani farasitamol ɗin daban don "ya huce gajiyar hanya", an ninka wa hanta kaya. Farasitamol ba ya sa barci, ba ya maganin rigima, na zazzaɓi ne da ciwo. Yanzu kuma an shigo da sabon yayi a Facebook da TikTok, alawar melatonin, wato sinadarin sa barci da aka sarrafa kamar alawa, ana tallata ta kamar ba magani ba. A Amurka kiran da ake yi wa cibiyoyin guba kan yaran da suka haɗiye melatonin ya ƙaru da kashi 530 cikin ɗari tsakanin 2012 da 2021, mafi yawa ƙanana ne da suka tsinci kwalba a gida suka sha. Ita ma sai likita ya ga yaro.

Batun "nawa ba abinda ya same su" kuma, Allah ya tsare mata su, muna taya ta murna. Wanda ya tsallaka titi ido rufe ya kai lafiya ba zai zama malamin tsallaka titi ba. Iyayen da abin ya faɗa wa basa zama cikin taro suna bada labari.

In har an riga an ba wani yaro a gidan, don na san in dangi suka taru ba ke kaɗai aka ba wannan shawarar ba, ga abinda za a duba: yaron da ake tashi ba ya tashi ko ya buɗe ido ya koma, numfashi a hankali ko yana yankewa, leɓe ya canza launi, jiki ya saki, jijjiga, ko murɗewar wuyan da na faɗa. Asibiti kai tsaye, a tafi da kwalbar, a faɗi gaskiyar nawa aka bashi da ƙarfe nawa, ba wanda zai kama ku. Kada a tura masa yatsa don yayi amai, kada a ɗura masa madara ko mai, a kwantar dashi ta gefe a hanya.

To yanzu ainihin damuwarki. Yaranki ba rashin lafiya ke damunsu ba, bashin barci ne. Mai shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya har da na rana, mai 3 zuwa 5 kuma awa 10 zuwa 13. Ki lissafa abinda suke samu tunda aka fara kwanciya sha biyu zaki ga inda rigimar take fitowa. Ƙaramin yaro in ya wuce lokacin barcinsa ba laushi yake ba, wani ƙarfi ne ke zuwar masa, guje-guje da dariya sannan kuka, sai manya su ce ai baya jin barci a ƙyale shi. Yana ji, ya wuce gejin ne.

Kina da 'yan kwanaki kafin tafiyar, ki fara daga safe ba daga dare ba. Ki tashe su lokaci ɗaya kullum ko da sun yi daren, su fita haske su yi wasa, ƙaramin yayi barcin ranarsa amma kada ya kai yamma lis, sannan ki dinga jawo lokacin kwanciya baya da minti 20 ko 30 kowane dare. Waya da talabijin a kashe awa ɗaya kafin kwanciya. Kwana biyun farko zasu yi miki bore, ki daure. Abubuwan da kike yi kafin barci, wanka ne, labari ne, addu'a ce, ki jera su iri ɗaya kullum, domin wannan jerin shine abinda zaki iya ɗauka ki tafi dashi gidan mutane, tare da zanin rufarsu da suka saba da ƙamshinsa da abin wasa ɗaya.

Ranar tafiya ku tashi dab da lokacin da ƙaramin ya saba barcin rana, ko da sassafe. Kowa a ɗaure a kujerarsa, babba ɗaya a baya kusa dasu. Duk awa biyu a tsaya su sauko su taka ƙasa ko minti goma ne, a sha ruwa, a canza wa ƙaramin. Abin wasa kada ki zube musu duka lokaci ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Kuma zasu yi kuka a wani wajen, wannan ki saka shi a lissafi tun yanzu, kukan yaro a mota bai taɓa kai kowa asibiti ba. Ko sau ɗaya kada a bar yaro cikin mota a tsaye don yana barci. In babbar tana amai a mota wannan magana ce daban, ki kai ta a duba ta kafin ranar, akwai abinda ake yi daidai shekarunta.

A can kuma ba sai kin yi faɗa da kowa ba. Dare ɗaya ko biyu da aka yi hira aka wuce lokaci ba zai lalata komai ba, kada dai ya zama kullum. In lokaci yayi ki ɗauke su ki shige ɗaki, maigidan ne ya kamata ya tare miki 'yan "haba a bar su mana ai hutu ake", danginsa ne, bakinsa ya fi naki tasiri a wurin, kuma ku raba dare tsakaninku ke ma ki samu ki runtsa. Yayarsa in ta tambaya kice likitan yara ya hana saboda ƙaramin bai kai shekara biyu ba, ki ɗora min laifin, na ɗauka.

Da kun sauka, kafin ki kwance kaya, ki zaga ɗakin da idon mai wata 16. Gidan da ba ƙananan yara a cikinsa kullum ba a ɓoye magani, na hawan jini da na suga na kakanni yana kan tebur ko gefen gado ko cikin jakar baƙuwa a ƙasa, kuma wasunsu ƙwaya ɗaya tak ta isa ta kwantar da yaro kamar naki a asibiti. Ki roƙa a ɗage su sama inda hannu baya kaiwa, haka ƙananan batura masu kama da maɓalli na rimot da kayan wasa, sannan bokiti ko baho mai ruwa a zubar ko a rufe, don in gida ya cika kowa yana zaton wani ne ke kallon yaron.