Kafin ka ɗaga waya a Jamestown

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mahaifiyarka da ƙannenka da duk mutanen Kano. Saƙonka ya iso, na karanta shi har sau biyu. Ka ce idan ka zo nan Ankara, wato Accra babban birnin Gana, a watan Agusta, kai da abokan karatunku kuna so ku bi Jamestown, tsohuwar unguwar bakin teku, da ƙafa, ku ga zane-zanen da matasa suka yi a bango, ku gangara wurin masunta, ku ɗauki hotuna. Ka tambaye ni ko akwai wata al'ada da ake kiyayewa a wurin, kuma ko ya dace ɗan Musulmi ya shiga unguwar da aka ce maka akwai wuraren tsafi.

Ka je. Na ji daɗin da ka tambaya tun kafin ka taso, don da yawa sai sun yi ɓarnar suke neman bayani. Da ƙafar kuma za ku je, kamar yadda kuka shirya. Wanda ya ratsa High Street, babban titin unguwar, a mota bai ga komai ba sai bayan gidaje.

Ina yaro, mahaifinmu, wato kakanka, Allah Ya jiƙansa, yakan riƙo hannuna daga Sabon Zango mu ƙetare tafkin Korle mu je bakin teku kallon sauke kaya. A lokacin Ankara ba ta da tashar da babban jirgi zai matso ya jingina. Jiragen sukan tsaya can nesa cikin teku, sai manyan kwale-kwale su je su taryo su, ƙarta suna tuƙi da filafili suna waƙa, igiyar ruwa na ɗaga su tana saukewa. Buhunan koko a ka ake ɗauka har cikin ruwa. Yawancin abin da ya shigo garin nan daga Turai ta wannan bakin ruwan ya biyo. Da aka buɗe tashar Tema a 1962 sai aikin ya mutu kamar an yi ruwa an ɗauke. Kamfanoni suka kwashe, rumbunan ajiya suka zama kango, iskar gishiri ta cinye fenti da kwanon rufi. Waɗannan tsofaffin bangwayen ne yaran yanzu suka samu suna zane a kai. In ka ga zane mai kyau a jikin gini mai ɓaɓɓakewa, ka san ginin ya taɓa ciyar da unguwa.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, babu bangon da ba shi da mai shi a Jamestown. Ku da kuke ganin hotunan a intanet kuna ɗauka filin kallo ne aka shirya wa baƙi. Gidajen mutane ne. Yawancinsu gidajen gado ne na dangi, wanda mutanen Ga, wato ƙabilar masu garin, ke kira "we", kowanne da sunansa da dattijonsa. Matar da za ka gani zaune a gindin zane tana suyar kifi, wataƙila a ɗakin da ke bayan bangon aka haife ta, aka haifi uwarta. Kai ɗan Kano ne, ka san cikin gari. Wani zai zo ƙofar gidanku ya tsaya yana ɗaukar hoton dagin da magini ya yi a saman zaure, mahaifinka na zaune a dakali, bai ce masa uffan ba? To haka suke ji.

Saboda haka mutum za ka fara gaisarwa kafin bango. In za ka leƙa cikin gida ko lungun da ya ratsa tsakar gidan wasu, ka tsaya ka ce "agoo", ka jira a ce "amee". Ita ce sallamarsu. Da safe ka ce "ojekoo". Ko harshenka ya karkace za su yi murmushi su gyara maka, daga nan hira ta buɗe. In ka tarar da dattawa a jere za ka ba su hannu, ka fara daga na damanka ka bi zuwa hagu, kada ka tsallake kowa don ka ga wani ya fi shiga mai kyau. Kada ka miƙa kuɗi ko ka nuna mutum da hannun hagu. Wannan kam ba baƙon abu ba ne a wurinka.

Maganar hoto ita ce ta fi damuna, don a nan ake yawan saɓawa. Kada ka zaci mutanen nan ba su san hoto ba. Gidan hoto na Deo Gratias tun 1922 yake a unguwar, kuma a nan James Barnor ya yi shagonsa kafin duniya ta san shi. Sun san hoto tun kafin a haifi kakanka. Abin da suka sani shi ne mutum ya yi wanka, ya ɗaura zanensa mai kyau, ya tsaya yadda yake so 'ya'yansa su tuna da shi. Kai kuma za ka zo ka same shi cikin gumi da hayaƙi ka ɗauka ka watsa wa duniya. Na taɓa gani da idona, wani saurayi baƙo ya durƙusa gaban wata mai bandar kifi yana ɗauka, bai gaishe ta ba. Ba ta zage shi ba. Ta ja gefen zaninta ta rufe fuska, ta juya masa baya, ta ci gaba da aikinta a haka har ya tafi. Na daɗe ina jin kunyar abin kamar ni na yi. Da ya gaishe ta, ya sayi kifi ko na sidi kaɗan ne, ya tambaya, da wataƙila ita da kanta za ta gyara ɗankwali ta ce ya ɗauka. In an ce maka a'a, ka mayar da wayar aljihu da fara'a. Yara za su biyo ka suna cewa ka ɗauke su. Ka nemi babba a kusa ka tambaya tukuna.

A gindin hasumiyar fitilar jiragen ruwa, mai ja da fari, samarin unguwa za su tare ku su ce za su zagaya da ku. Kada ka ɗauke su 'yan damfara. Da ɗan gari kan ci gari, kuma akwai lungunan da ba za ku iya fita ba in kun shiga ku kaɗai. Ku zaɓi ɗaya, ku yi ciniki a fili tun kafin a ɗaga ƙafa, ku biya abin da kuka yi alkawari ba tare da ƙunƙuni ba.

Kusa da hasumiyar akwai James Fort, wanda Turawan Ingila suka gina a 1673. In ka miƙe gabas kaɗan sai Ussher Fort, na mutanen Holan tun 1649, wanda ya koma hannun Ingila a 1868. A James Fort aka tsare Kwame Nkrumah a 1950, daga ciki ya ci zaɓe, aka fito da shi a 1951, kuma wurin ya ci gaba da zama gidan yari har 2008. Za a gaya muku wannan. Abin da nake so ka ji daga bakina shi ne, kafin su zama kurkuku, bayi aka riƙa tarawa a ciki ana jiran jirgi. Akwai kasuwa a unguwar da har yau ake kira Salaga, sunan garin nan na Gwanja da fataken Kano ke zuwa sarin goro. Ba goro kaɗai aka sayar a Salaga ba. Cikin waɗanda aka koro zuwa bakin teku akwai masu jin Hausa, cikin masu cinikin ma akwai namu. Ba na ɓoye wa 'ya'yana wannan. In ka shiga ɗakunan nan ka sassauta murya, kada ka tsaya kana washe baki a hoto. Ni fatiha nake karantawa a zuciyata in fito.

Ka ce wa mai zagayawa da ku ya kai ku Brazil House. Gidan Tabom ne, 'yantattun bayin da suka dawo daga Burazil wajen 1836, da yawansu Musulmi, sarakunan Ga suka karɓe su suka ba su wuri. Sun shahara da ɗinki da haƙar rijiya, jikokinsu yanzu sun zama 'yan Ga. Mu ma haka aka yi mana. Malam Nenu ya sauka a garin nan baƙo, aka ba shi wurin zama, ɗansa Malam Baƙo ya nemi fili a hannun sarakunan Ga ya kafa Sabon Zangon da aka haifi mahaifiyarka. Duk masallacin da muke salla a cikinsa, a ƙasar da suka ba mu yake. Don haka in ka taka Jamestown, gidan masu masaukin kakanninka ka shiga.

Wannan ya kawo ni ga tambayarka ta biyu. E, akwai wuraren bautarsu na gargajiya, wasu a bakin hanya, an shafe su da farar ƙasa ko an ɗaura musu farin ƙyalle. Za ka iya haɗuwa da "wulomo", wato mai kula da bautar, cikin fararen kaya, ba takalmi, da ganye a wuya. Ba wanda zai ce ka durƙusa ko ka zuba wani abu a ƙasa. Naka shi ne ka ba da hanya, kada ka taɓa, kada ka ɗauki hoto, kada kuma ka yi tsaki ko ka tofar da yawu don a ga kai mai addini ne. Allah Ya hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, ka duba Suratul An'am aya ta 108. Shekara saba'in da ɗoriya ina zaune da mutanen nan, ban bar salla ko ɗaya saboda su ba, ba su kuma taɓa neman in bari ba.

Agusta da ka zaɓa lokacin Homowo ne, bikin da suke yi wa yunwa ihu don tunawa da farin da kakanninsu suka tsallake. Za ka ga an yayyafa wani abinci na garin masara da manja a ƙofofin gidaje da kan hanya, sunansa "kpokpoi". Na magabatansu ne, ka kauce kada ka taka. Ranar Juma'ar da ke gaban bikin ta tagwaye ce, ana fitowa da kwanoni a ka, masu ɗaukar suna tafe suna tangaɗi da gudu ba sa ganin gabansu. Ka manne da bango su wuce. Da a watan Mayu ko Yuni za ka zo, da ka tarar an hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda, har coci-coci da masallatai ake neman su shigar da lasifika ciki. Akan yi gardama a kai wasu shekarun. Ni dai ra'ayina, wata ɗaya bai yi yawa ba ga wanda ya ba ka ƙasa.

Su kansu zane-zanen, yawancin waɗanda ka gani a hoto sun samo asali ne daga bikin Chale Wote da aka fara a 2011. Ma'anar sunan "aboki, mu tafi", kuma haka ake kiran silifa a nan. Da farko ban so abin ba, kuma har yanzu akwai shigar da wasu ke yi ranar bikin da nake kawar da kai in na gani. Amma wata rana na tsaya gaban zanen wani ɗan dambe, yara sun kewaye shi suna gwada naushi a iska, sai na tuna Bukom na nan bayan layin, unguwar da ta ba ƙasar nan Azumah Nelson da Ike Quartey. Yaran nan sun ga nasu a bango da girma, ya fi tsayin gida. Tun daga ranar na daina cewa ɓata bango ne. Sai dai ka sani gishirin teku ba ya barin fenti ya daɗe, wanda ka gani a waya wataƙila ya koɗe ko an zana wani a kansa. Kada ka rubuta sunanka a jikin aikin wani. Takardun da za ka ga an manna masu hoton mutum da shekarunsa kuma sanarwar rasuwa ce. In ka tarar an tare titi da rumfuna, mutane cikin ja da baƙi, makoki ake yi. Ku bi gefe, ku ɗaga hannu ku gaisar, ku rage dariya.

In ka tambaye ni, zanen da ya fi kowanne yana ƙasa, a jikin kwale-kwalen masunta. Tun kafin a san wani biki suke yi wa jiragensu ado da tutoci da kalmomin hikima da ayoyin littafinsu, kowane jirgi da sunansa. Kada ka hau ko ka zauna a kai ba izini, kada ka taka taru in an shanya ana ɗinki. Ranar Talata ba sa fita kamun kifi, al'adarsu ce tun kaka da kakanni, don haka in saukar kifi kake son gani ka zaɓi wata ranar, da sassafe. Ka kuma yi hattara da waya a can fiye da ko'ina. A 2020 an rushe rumfuna da ɗakunan mutane da yawa a bakin ruwan don gina sabuwar tashar masunta, wadda aka buɗe a 2024. Akwai waɗanda har yanzu abin na ci musu rai, baƙo mai ɗaukar hoto ba ya yi musu daɗin gani.

Ku kwana a wurinmu daren da za ku je. Bayan asuba innarka za ta ba ku koko da ƙosai, ku fita kafin rana ta yi zafi. Ka sa takalmi rufaffe saboda kwatoci. Da rana ku ci dokunu, wato tuwon masarar da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi da barkono a unguwar, a hannun matan da kuka gaisar, ku yi azahar a wajen Zongo Lane. In gwiwata ta bar ni zan raka ku har gindin hasumiya, in nuna maka inda ni da kakanka muke tsayawa. Ka ce wa mahaifiyarka ta aiko mini da kilishi da yajin nan nata, kuma ina gaishe ta ƙwarai.

Kawunka.