Amsa: Mai na ɗiga daga bak-aksul ɗin babbar mota

Malam, ka ce man giya na ɗiga ta inda farfela ke shiga bak-aksul, kana tambaya ko canza sil, wato robar da ke tare mai, kawai ya wadatar. Kafin ka sayi komai, wanke wurin tas, ka ɗan zagaya da motar, sannan ka duba ainihin inda man ke fitowa. Ka kuma leƙa ɗan bututun iska da ke saman aksul. Idan laka ta toshe shi, zafi kan tara iska a ciki har ta turo mai ta sil, ko da sabo ne.

In sil ɗin gaban ne ke yoyo, wato na inda farfela ke shiga, girgiza filanjin (faifan ƙarfen da ake ɗaure farfela a kai) da hannu. Muddin yana wasa, boris ya ci, kuma sabon sil ba zai daɗe ba. Wajen kwancewa, a yi wa babban notin da ke riƙe filanjin alama a mayar da shi daidai, domin ɗaure shi fiye da kima yana ƙona boris.

Idan kuma ka ga mai ta cikin taya, don Allah ajiye motar, ya kai ga birki ke nan. Bayan gyara, zuba man giya nau'in GL-5 mai kaurin da littafin motar ya ce, har ya taɓo bakin ramin zubawa.