Farar shaddar ango da ta ƙone a hoto

Ɗana, ka ce hotunan ɗaurin auren da ka ɗauka a ƙofar Babban Masallacin Juma'a na Jos sun ɗaure maka kai. Wasu da ka ja hailait baya, wato sandar da ke rage hasken wurare mafi haske a manhajar gyaran hoto, sai aikin wuyan rigar ango ya fito tas, wasu kuwa ka ja har ƙarshe, rigar ta koma toka-toka babu zare ko ɗaya, alhali kamara ɗaya ce kuma duk RAW ne, wato ɗanyen fayil da kamara ba ta sarrafa ba. To, saurara da kyau.

Maganar daga sensa take, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kamara. Kowane ɗigo a kanta kamar kofi ne a ƙarƙashin famfo: yana karɓar haske har ya cika, in ya cika abin da ya ƙaru zubewa yake yi, babu mai lissafa shi. Ɗigogin nan iri uku ne, ja da kore da shuɗi, kuma ba tare suke cika ba. A hasken rana kore yakan riga sauran. Idan shi kaɗai ya cika, ja da shuɗi na nan riƙe da zanen zaren, sai manhaja ta duba su ta ƙiyasta abin da koren ya rasa. Hotunan da suka dawo maka ke nan. Amma idan duka ukun suka cika, fayil bai ajiye komai a wurin ba. Manhajar gyaran hoto ta Lightroom ba ta da inda za ta samo aikin wuyan, abin da za ta iya kawai shi ne ta dusashe farin, shi ne tokar da ka gani.

RAW ya fi JPEG, wato hoton da kamara ta riga ta sarrafa ta matse, sarari, gaskiya ne. JPEG matakan haske 256 yake da su a kowane launi, RAW kuwa 4,096 ko 16,384, gwargwadon kamarar. Kuma hoton da kake gani a bayan kamara JPEG ne ta haɗa maka na dubawa, shi ya sa wani wurin zai nuna ya ƙone alhali a RAW da sauran rai. Sai dai sararin nan yana da iyaka.

Saboda haka kafin ka fara gyara, gwada farin tukuna. A Lightroom danna harafin J, wuraren da suka ƙone za su yi ja. Sai ka rage ekspoja, wato hasken hoton gaba ɗaya, mataki biyu, na ɗan lokaci, ka matso da rigar kusa. In ka ga ƙyallin shadda da lanƙwasar yadi sun fara bayyana, akwai abin ceto. In ka ga fili ne sumul mai baki kamar an yanka da reza, wannan ya tafi, kada ka ɓata darenka a kansa.

Wanda ke da rai, mayar da ekspoja inda fuska ta yi daidai. A nan ne yaran yanzu suke ɓata aiki, kuma yana damuna ƙwarai: su ja hailait ɗin hoton gaba ɗaya zuwa ƙarshe, rigar ta ɗan dawo, fuskar ango ta mutu, kamar marar lafiya. Fatarmu da ɗan sheƙinta take kyau. Ɗauki burushin manhajar ka shafa rigar da hula kaɗai, a nan za ka rage hailait a hankali, kana kallon zaren ba lambar ba. Da zarar aikin wuya ya fito, tsaya. Sannan ka ɗan ɗaga sandar fari, kana riƙe da maɓallin Alt don ka ga inda ƙuna za ta sake farawa, saboda rigar ta ci gaba da zama fara. Mutum ya biya kuɗin farar shadda, ya kai wa mai bugu, ba zai yarda ka ba shi ruwan toka ba. Wani lokaci wurin da ka ceto zai ɗauki launin hoda. Alamar koren da ya cika ce, rage ƙarfin launi a cikin burushin nan, zai tafi.

Ba kowane fari ake ceta ba kuma. Walƙiyar agogo, gilashin ido, jikin mota, bar su. Sararin sama lokacin hazo ma fari ne a ido, in ka matsa masa sai ya yi datti.

Hotunan da suka mutu kuwa, duba ko akwai wani hoton na tsayuwar da bai ƙone ba, ko ka yanke gefen in ƙunar a kafaɗa take. Ban yarda ka sa manhaja ta ƙirƙiro masa wani aikin wuya ba. Ango ya san zanen da ya zaɓa, ranar da ya gane ba nasa ba ne, amanar shagon nan ce ta taɓu.

Asalin gyaran a wurin ɗauka yake. Garin nan ya haura mita 1,200 a sama da teku, ranar bayan sallar Juma'a kaifi gare ta, ga mutane cikin fararen kaya. Kamara in ta auna fuska mai duhu sai ta ƙara haske, riga ta ƙone. Sa ISO, wato ma'aunin yadda kamara ke jin haske, a 100, kunna alamar da ke ƙifta wurin ƙuna, ka rage haske har rigar ta daina ƙiftawa. Fuska za ta yi duhu, ka cike ta da filashi kaɗan, ko ka roƙi ango da abokansa su matsa ƙarƙashin rumfa. Duhu yana ɗaguwa a RAW, ko da da ɗan tsakuwa-tsakuwa.

Gobe da azahar ka shanya farar riga mai aiki a bayan shago, ka ɗauke ta kana ƙara haske kaɗan-kaɗan har ta ƙone ƙurmus. Kawo katin mu buɗe tare, mu ga a wane mataki kamararka take sakin zaren.