Gayfield, filin ƙwallon da ke bakin teku a Arbroath

Ƙanena, ka tambaye mu abin da ke kai Bahaushe mazaunin Sikotlan wani ɗan ƙaramin fili ranar Asabar, alhali ga Celtic ga Rangers, ga kuma gasar Firimiya ta Ingila a talabijin cikin ɗaki mai ɗumi. Dalilin shi ne a ƙasar nan kulob na mutanen gari ne, kamar kasuwa ko makaranta. Wanda yake son ya san maƙwabtansa, 'ya'yansa su saba da 'ya'yansu, to filin garin zai je. Bari mu ɗauki Gayfield, gidan kulob ɗin Arbroath, mu zayyana maka shi.

Arbroath gari ne na masunta a yankin Angus, a gabar Tekun Arewa. Daga Dundee, inda ɗalibai da ma'aikatan asibiti 'yan Najeriya suke da dama, tafiyar kamar minti 20 ce a jirgin ƙasa. Idan ka sauka a tasha, ka gangara wajen teku da ƙafa, cikin kwata ɗin awa za ka hango fitilun filin. An kafa kulob ɗin a 1878, rigarsu ja ce mai duhu, kuma ana yi musu laƙabi da Red Lichties, daga jar fitilar da a da take nuna wa jiragen masunta hanyar shiga tashar ruwa da dare. Filin da ake wasa a kai yanzu an buɗe shi a 1925, kusa da inda tsohon yake.

Yana ɗaukar mutum fiye da 6,000, amma kujerun zama ba su kai 900 ba, duk suna rumfa ɗaya ta gefen titi. Sauran ɓangarori ukun tsayuwa ake yi a kan matakalan siminti, wani wuri da rufi, wani wuri sarari. Tsakaninka da ɗan wasa taku kaɗan ne. Kana jin mai tsaron gida yana yi wa 'yan baya tsawa, kana jin ƙarar takalmi in an yi karo. Idan ba a raba magoya baya ba, mutane sukan tsaya bayan ragar da kulob ɗinsu ke kai wa hari, in an tafi hutun rabin lokaci sai su zagaya ɗaya gefen. Wannan ba ya yiwuwa a manyan filaye, inda kowa lambar kujerarsa ke riƙe da shi.

Abin da ya bambanta Gayfield da kowane fili shi ne teku. Bayan katangar gefe ɗaya, ɗan titi ne kawai ya raba ta da ruwa, har ana cewa babu filin ƙwallo a Turai da ya kai shi kusanci da teku. Iskar da ke tasowa daga can ita ce ke juya wasa. Mai tsaron gida zai buga ƙwallo sama, ta tsaya cak, ta dawo masa. Bugun kwana yakan karkace ya fita kafin ya iso gaban raga. In igiyar ruwa ta yi ƙarfi, feshin gishiri har kan 'yan kallo yake zuwa. Shi ya sa masu wasa a nan suke ajiye ƙwallo ƙasa in iska na fuskantarsu, su jira sai ta koma bayansu su riƙa harbi daga nesa. Kulob ɗin da ya zo baƙunta bai san wannan ba, yakan ɓata rabin lokaci yana jefa ƙwallo sama. Akan ma ɗage wasa saboda iska ko ƙanƙara, don haka kada ka sayi tikitin jirgi sai ka duba shafin kulob ɗin da safiyar ranar.

Tarihin da suke alfahari da shi na ranar 12 ga Satumba 1885 ne, lokacin da suka ci Bon Accord ta Aberdeen 36 da nema a gasar Kofin Sikotlan. An tafi hutu 15 da nema, kuma wani matashi John Petrie shi kaɗai ya zura 13. A lokacin ba a fara ɗaura raga a jikin turke ba, duk ƙwallon da ta shiga sai an bi ta an ɗauko. A rana guda kuma Dundee Harp ta ci Aberdeen Rovers 35 da nema, ƙwallo ɗaya tak ta raba su.

Ƙungiyoyi 42 ne a gasar ƙwararru ta Sikotlan, rukuni huɗu: na sama yana da 12, sauran uku goma-goma, kuma a waɗannan ukun kowa yana haɗuwa da kowa sau huɗu, wasa 36 ke nan a kaka. 'Yan wasan Arbroath ba ƙwallo kaɗai suke ci da ita ba. Da rana suna wurin aikinsu, da yamma su yi atisaye. Duk da haka, a kakar 2021 zuwa 2022, ƙarƙashin koci Dick Campbell, sun ƙare na biyu a rukuni na biyu, bayan Kilmarnock, saura ƙiris su hau rukunin Celtic da Rangers. Wasan da ya fi zafi a wurinsu shi ne na maƙwabta, musamman Montrose.

Yanzu ga abin da ya shafe mu kai tsaye, wanda baƙo yakan yi kuskure a kai. Ana take wasa ƙarfe 3 na rana. A watan Disamba la'asar tana shiga kafin ƙarfe 2, rana kuma tana faɗuwa wajen 3 da rabi, wato magariba tana riskarka kafin hutun rabin lokaci. Kada ka sa ran ɗakin salla a ƙaramin fili irin wannan. Abin da mutanenmu suke yi shi ne su yi azahar da la'asar kafin su shiga, su riƙe alwalarsu, su tafi da 'yar darduma mai naɗewa. Ana tashi kafin ƙarfe 5, magariba ba ta fita ba, sai a samu gefe a yi ta. Yin alwala da ruwan famfon fili a cikin wannan sanyi wahala ce da za a iya kauce mata.

Sutura kuma ba rigar sanyi ɗaya mai kauri ake so ba. Uku ake jerawa: ta ciki mai manne jiki, ta ulu a tsakiya, sai ta waje wadda iska da ruwa ba sa ratsawa. Sanyin simintin daga tafin ƙafa yake shiga, don haka safa biyu da takalmi mai kaurin ƙasa. Hular da ta rufe kunne dole ce. Lema ba ta da amfani, iska za ta kifar da ita. Wanda ya san hunturun Kano kada ya auna da shi, wannan sanyi ne mai jiƙa.

Ba a sayar wa 'yan kallo giya a wuraren kallo na filayen Sikotlan, doka ta hana tun bayan rikicin wasan ƙarshe na kofi tsakanin Celtic da Rangers a 1980. Wannan na daga cikin abin da ke sa iyaye su saki jiki su kai yara. Abincin filin kuwa fanke ne mai nama a ciki da wani romon naman sa mai zafi da ake kira Bovril, kuma ba yankanmu ba ne, don haka mu shayi muke saya. Cikinmu sai mun fito muke cika shi da kifin garin, wanda suke kira smokie. Kifin teku ne da ake barbaɗa wa gishiri ya kwana, a ɗaure biyu-biyu ta wutsiya, a rataye a sanda bisa wutar itace cikin rabin ganga, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ba ya kai awa ɗaya ya nuna. Ba ya bushewa ƙayau kamar bandar kifinmu, cikinsa laushi gare shi, kuma doka ba ta yarda a kira kifi da wannan suna ba sai an yi shi a cikin mil 5 daga garin. Shagunan da ke sayar da shi suna wajen tashar ruwa, 'yan mintuna daga filin, amma da yawa sukan rufe kafin a tashi wasa, saboda haka ka saya tun da rana, ka sa a naɗe maka shi da kyau a takarda.