Amsa ga mai tambaya kan ƙungiyar tallafa wa masu sikila

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanwata, na karanta tambayarki. Kin ce kun kafa ƙungiya a garinku don tallafa wa iyalan da ke da yara masu sikila, ranar buɗewa wuri ya cika maƙil, aka sha alkawura, amma yanzu ku 'yan kaɗan ne kuka rage, kuɗin ma daga aljihunku yake fita. Kina son sanin yadda za ku jawo mutanen gari da 'yan sa-kai su tsaya tare da ku. Na daɗe cikin wannan hidima a nan Kano, kuma ɗan yayata da na riƙe tun yana goye SS ne, wato mai sikila, don haka abin da na gani da idona zan faɗa miki.

Mutanen da suka watse ɗin nan, akasarinsu ba rashin tausayi ne ya kore su ba. Sun zo da niyya, aka ce musu a taimaka, suka koma gida ba su san da me za su taimaka ba. Mai hali ya ba da nasa sau ɗaya, ya ga ya sauke nauyi. Marar hali ya ɗauka kuɗi kaɗai ake nema, kunya ta hana shi dawowa. Ita kuwa sikila tare ake rayuwa da ita, buƙatar watan nan ita ce za ta dawo wata mai zuwa. Shawarata ita ce ku zauna da iyayen yaran su faɗa muku inda ke yi musu ƙaiƙayi, ku fitar da ayyuka ƙanana bayyanannu, sannan ku ɗora kowane aiki a kan mutum guda sananne da ya amsa da bakinsa.

Ku fara da jini, domin nan ne ake rasa rai. Jan ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa tsakanin kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Shi ya sa kullum jininsu a ƙasa yake, maleriya ta kwana biyu sai ta ƙarasa zuƙe shi. Na sha tsayawa a bakin ɗakin gwaji da tsakar dare, uba riƙe da takardar neman jini yana kiran 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, wannan wayarsa a kashe, wancan ya ce shi ma bai jin daɗi, yaron kuma yana kwance tafin hannunsa fari fat. Abin da ya kawo mana sauƙi littafi ne guda mai bango mai kauri. A ciki akwai sunan kowane mai niyyar ba da jini, rukunin jininsa, unguwarsu, da ranar da ya bayar na ƙarshe. Namiji lafiyayye yana iya bayarwa duk bayan wata 3, mace bayan wata 4, abin da ake ɗiba kuma bai kai rabin lita ba. Likitoci sun fi son jinin mai AA, wato wanda bai gaji sikila ko kaɗan ba, ga mai sikila, saboda haka a rubuta wannan ma.

Kada ki jira su zo su same ku. Ki tura maza daga cikinku majalisar samari, filin ƙwallo, wajen 'yan agaji da ƙungiyoyin ɗalibai. Za su ji ana cewa ba da jini yana rage ƙarfin ɗa namiji, ko jinin ba ya dawowa. Gardama ba ta warware wannan. A tafi da ma'aikacin lafiya, da wani saurayi ɗan unguwar da ya sha bayarwa kuma kowa na ganinsa garau. Wanda ya bayar a ba shi kuɗin mota, a haɗa masa shayi, washegari a kira shi a gaya masa yadda yaron ya kwana. Wannan kiran shi ke sa mutum ya dawo karo na biyu.

Sai abin hawa. Ciwon ya fi tashi da dare, musamman lokacin hunturu da tsakiyar damina. A kowace unguwa ku samu mai mota ko mai adaidaita sahu da ya yarda a tashe shi, ƙungiya ta biya kuɗin mai. Kuma duk ɗan sa-kai ya san alamomin da ba a jiran gari ya waye a kansu: zazzaɓi, ciwon ƙirji ko numfashi da ƙyar, ɗashewar jiki farat ɗaya tare da kumburin ciki ta hagu inda saifa take, karkacewar baki ko mutuwar hannu da ƙafa, da miƙewar gaba mai zafi da ta ƙi kwanciya ga yara maza, wadda kunya ke sa a ɓoye har a makara. Amma ki ja musu kunne sosai, aikinsu kai yaro asibiti ne, ba rubuta magani ba. Allurar kashe zafi da ake zuwa yi a kemis ba da izinin likita ba ta jefa matasa da yawa cikin wata jarabawar, haka maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da ake saya kai tsaye yana iya cutar da wanda aka sha yi wa ƙarin jini.

Akwai aikin da ba a cika kulawa da shi ba, kuma a ganina shi ne ya fi taɓa zuciyar uwa. Idan aka kwantar da yaro mako biyu, uwa tana gefen gado, sauran yaran suna gida ba mai yi musu wanka su tafi makaranta, tukunyar ƙosai ko keken ɗinkinta ya tsaya cak. Dattijan matan unguwa da ba su da ko sisin bayarwa su ne gwanayen wannan fage. Wata ta kwana a asibiti uwar ta samu ta runtsa, wata ta dafa tuwo ta aika, wata ta kwashi yaran zuwa gidanta. Wata baiwar Allah da ke cikinmu, kunun gyaɗa kawai take damawa ta kai da asuba cikin fulas, kuma iyaye sun fi tuna ta a kan waɗanda suka ba da dubbai.

Game da kuɗi, ku rage dogaro da babban taron neman gudummawa. Da yayyafi kogi kan cika. Abin da ya yi mana aiki shi ne kowane ɗan kasuwa ko ma'aikaci ya ɗauki nauyin maganin wata na yaro ɗaya, a biya kai tsaye a kantin magani, iyaye su je su karɓa. Magungunan sanannu ne: folik asid, rigakafin maleriya, fenisilin ga 'yan ƙasa da shekara 5, da haidiroksiyuriya ga wanda likita ya ɗora a kai. Wannan na ƙarshen yana rage yawan tashin ciwo ƙwarai. A nan Kano, likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Asibitin Murtala sun yi bincike tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka kan amfani da shi wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Akwai kuma hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ake kira TCD, wanda ake so a riƙa yi wa yara daga shekara 2 zuwa 16 don a gano mai haɗarin tun da wuri. Na taɓa tarar da uwa tana ba ɗanta maganin yau, gobe ta tsallake, don kwalba ɗaya ta kai wata biyu. Ba ta gaya wa kowa ba, sai da muka ƙirga ƙwayoyin tare. Tun daga nan muka sa mai bibiya yana leƙa kowane gida.

Amana kuma ita ce jarinku. Ku yi rajista da hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, a matsayin amintattu, ku karɓi takardar SCUML, wato ta sashen yaƙi da halatta kuɗin haram, da banki zai nema, ku buɗe asusu da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu. Kada kuɗin jama'a ya shiga asusun mutum ɗaya ko da waliyyi ne. Duk ƙarshen wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa.

Ina roƙonki da Allah, kada ku riƙa ɗaukar hoton yaro yana murƙususu ku watsa don neman taimako. Kuɗi zai shigo, gaskiya ne, amma hoton ba ya gogewa. Yaron zai girma ya gani, yayyensa mata kuma za a riƙa nuna gidansu idan maganar aure ta taso. Iyalai da yawa suna ɓoye ciwon ne saboda wannan, kuma da zarar sun ga kuna tallan mutane za su guje ku.

Ku shiga ta hannun mai unguwa da limamai, domin maganarsu ta fi taku isa. An ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya, kuma kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da AS, wato ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya kawai, ba ya ciwon amma yana iya gadar wa 'ya'yansa. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure, har da na jinsin jini. Sai dai gwajin da aka yi ana saura mako ɗaya ɗaurin aure, an kai lefe an raba goro, da wuya ya hana komai. Ku roƙi liman ya riƙa cewa a yi tun kafin magana ta yi nisa, a wurin gwaji amintacce. Ya kuma bayyana wa maza cewa yaro ba ya zama SS sai ya gado daga uwa da uba duka, domin har gobe akwai matan da ake saki ko ake kira masu wabi a kan abin da su biyu suka haɗu suka bayar. Idan AS ya auri AS, kowane ciki da kansa yana da haɗarin 1 cikin 4, ba wai in an haifi mai ciwo ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Malaman makaranta ma a je musu: su bar yaron ya sha ruwa, ya fita fitsari duk lokacin da ya nema, kada a sa shi aikin wahala ko a tsayar da shi cikin sanyi.

Ranar 19 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa sikila a 2008, ku yi amfani da ita, amma kuɗin riguna da huluna gara a yi gwaji kyauta da shi. A wajen taron kuma ku ba manya masu sikila abin magana, malamar makaranta, tela, ɗalibin jami'a, mai 'ya'yanta. Uwar da aka gaya wa ɗanta ba zai kai shekara 20 ba tana buƙatar ta ga irin waɗannan da idonta. Ku sa su cikin shugabancin ƙungiyar ma, sun fi mu sanin abin da ake ji.

Ku da kuka rage, ku raba kwanakin amsa waya a tsakaninku don kada nauyin ya yi wa mutum ɗaya yawa. Idan kina son ganin yadda muka tsara littafin masu ba da jini, ki yi mini magana in turo miki samfurin shafin ba tare da sunaye ba. Allah ya ba yaranmu lafiya, ya saka muku da alheri.